Sabuwar mota a tsohuwar riga

A garin Toyama na ƙasar Japan akwai wani ƙaramin kamfani mai suna Mitsuoka, wanda sana'arsa ita ce ya karɓi mota sabuwa fil, ya tuɓe mata jiki, ya ɗora mata irin na shekaru hamsin ko sittin da suka wuce. A 2018 ya ɗauki Mazda MX-5, ƴar ƙaramar motar gudu mai kujera biyu, ya ba ta kamannin Chevrolet Corvette ta 1963, ya raɗa mata suna Rock Star. Guda 200 kacal ya yi. A Ingila ma, a 2014, kamfanin David Brown Automotive ya fito da Speedback GT: inji da ƙasan motar na Jaguar XKR ne, jikin kuwa na alminiyam ne da aka buga da hannu, mai kama da Aston Martin DB5 ta finafinan James Bond. Kuɗinta ya doshi fam rabin miliyan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ranar kasuwa a yankin Matamaye, ko ya bi hanyar Yauri a bayan akori-kura tare da buhunan gero da daman rake, zai ji labarin nan ya yi murmushi. Ai mu ma muna yi, sai dai ta ɗaya gefen muke farowa. Su suna neman tsohuwar fuska su ɗora wa sabon inji don marmari. Mu tsohon jikin ne a hannu, sai mu nemo masa injin da zai ja shi, don dole. Fijo 404 ta fito a 1960, 504 kuma a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975, bai daina 504 ba sai a 2006. Waɗanda suka rage a hanya yau, da wuya ka buɗe bonet ka tarar da injin da suka zo da shi. An sauya shi da na Beljiyam, an sake lagireto, an ƙara wa sifirin ganye don ta ɗauki lodi. Kafin nan ma, manyan motocin da suka yi jigilar gyaɗa tsakanin Damagaram da Kano, kai da shasi kawai ake shigowa da su, kafintocin gida ne ke gina musu bodin katako.

To me zai hana gwanin buga ƙarfe na Matamaye ko Damagaram ya ɗauki motar zamani ya mai da ita 404? Ba rashin hannu ba ne. Wanda ya ga yadda ake miƙar da ƙofar da ta lotse da guduma da ɗan guntun ƙarfe, ana bugu ana shafawa da tafin hannu ana jin tudu da kwari har ta koma sumul, ya san akwai gwanaye. Matsalar tana cikin ƙirar motar ne.

Motoci irin su Hilux da Land Cruiser suna da shasi daban, jiki daban. Dogayen ƙarafa biyu ne ke ɗauke da inji da tayoyi da nauyi duka, bodi kuma da kusoshi aka ɗaure shi a sama. Ka kwance shi ka ajiye gefe, motar tana nan da ƙarfinta. Corvette ma kusan haka take, tun 1953 jikinta na faiba ne a kan firam, shi ya sa masu wannan sana'a a Amurka suke sonta. Amma akasarin ƙananan motocin yau jikin ne shasin. Rufi, ginshiƙan gilashi, ƙasan ƙofa da daɓen ciki duk an yi musu walda sun zama abu ɗaya, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Ka yanke rufi don ka sauke shi ƙasa kaɗan, ko ka datse ginshiƙi don gilashi ya yi irin na da, motar za ta fara murɗewa a kan gargada, ƙofofi su ƙi rufuwa. Dalilin ke nan da Mitsuoka bai taɓa ƙofofi da gilashin gaban MX-5 ba, fatar waje kawai ya sauya.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Gaban motar zamani an ƙera shi ne ya murƙushe a hankali idan an yi karo, ya shanye ƙarfin bugun kafin ya kai ga mutanen ciki. Mai walda da ya ga ƙarfen ya yi masa laushi, ya ƙara masa bututu mai kauri da niyyar alheri, ya mayar da bugun kan ƙirjin direba ne. Na'urorin da ke sa jakar iska ta buɗe suna maƙale a wuraren da aka auna. A gusa su, jakar ta buɗe a makare ko ta ƙi buɗewa. Ga ƙwaƙwalwar mota, wadda ke jiran saƙo daga fitilu da birki da sitiyari, ta rasa ɗaya sai ta cika allon gaba da jajayen fitilu. Hancin tsofaffin motoci ma sau da yawa ƙofar iskarsa ba ta isar injin zamani, sai zafi, balle a watan Afrilu a ƙasar Damagaram. Kuɗin da irin waɗannan kamfanoni ke zubawa, a nan ma yake tafiya, wajen awo da gwaji, ba wajen fenti kawai ba.

Sannan takardu. Lambar shasi ita ce sunan mota a wurin hukuma. Motar da takardarta ta ce abu ɗaya, kamanninta suka ce wani, mai ita zai sha tambaya a hannun jandarma, in kuma ya nufi Daura ta Ɗan Barto ya sake shan wata a bakin iyaka.

A ganina, hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce ta Singer, kamfanin da Rob Dickinson ya kafa a Kalifoniya a 2009. Shi tsohuwar Porsche 911 yake nema, ƙirar 1989 zuwa 1994, ya wargaza ta har ƙusa ta ƙarshe, ya sake gina ta da kayan zamani. Wannan shi ne aikin da makanikanmu suka daɗe suna yi a gindin bedi, illa dai ba su samun mai biyan kuɗin da za su tsaya su kyautata shi: mai mota yana tsaye a kansu, gobe kasuwa. Kuma motocin da ke hannunmu ba na banza ba ne. Gidan zane na Pininfarina da ke Italiya, wanda ya zana Ferrari da yawa, shi ya zana 404, kuma ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. A Faransa akwai ƙungiyoyin masu tara ta, suna neman fitila da bamba da ƙofa ruwa a jallo. A nan kuwa, idan ta kwanta bayan gareji shekara biyu, ƴan gwangwan ne ke zuwa su yanka ta da wutar gas, su ɗora a sikeli su saya da kilo.