Nauyin da ke hana kifewa: Darasi daga ƙananan jiragen ruwa na rimot

Matashin da ya taso a Zangon Agege ba ya rasa kayan haɗa ƙaramin jirgin ruwa na wasa. Injin tsohuwar motar yara yana nan, batir da rimot ana samunsu a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, gangar jiki kuwa roba ko falange ya wadatar. Sai dai ranar da aka ɗora jirgin a kan ruwa ake ganin gazawarsa: ya yi ta lilo kamar ƙwarya, farfela ta fito waje, iska kaɗan ta kifar da shi.

Rashin nauyi ne ke jawo haka. Tun zamanin Arkimidis na Girka aka san cewa jirgi yakan nutsa har sai ya ture ruwan da ya kai nauyinsa, kuma lita guda ta ruwa kilo guda ce. Jirgi mai tan 1,000, idan aka ƙera kwatankwacinsa da ya gaza shi sau 50 a tsawo da faɗi da zurfi, kilo 8 ya kamata ya yi. Roba da batir ba sa kai haka, don haka ake cike gurbin da wani nauyi a can ƙasan cikinsa.

Yadda ake gwajin

Akan fara da jan layi a jikin jirgin, daidai inda ake son ruwa ya tsaya. Sai a saka shi a baho, injinsa da batirinsa duk a mazauninsu, a riƙa jera ƙananan ledoji na kusoshi ko noti har ruwan ya taɓa layin. In gaba ya ɗaga a matsar da nauyin gaba, in ya karkata hagu a gyara zuwa dama. Bayan nan a kafe komai da gam, domin nauyin da ke yawo a ciki ya fi rashinsa illa: da an sha kwana zai gangara gefe guda ya tafi da jirgin.

Dalma, irin wadda masunta ke ɗaura wa birgi, ta fi ruwa nauyi sau 11, shi ya sa ake sonta. Amma guba ce. Gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Jihar Zamfara a 2010. Narka ta a tsakar gidan haya, inda yara ke rarrafe, ganganci ne, alhali ƙarfe zai yi aikin.

Abin da manyan jirage suka koya

A 1628 jirgin yaƙin Siwidin mai suna Vasa ya kife a gaban jama'a a birnin Stockholm, a tafiyarsa ta farko, saboda an cika samansa da igwa, ƙasansa kuma ba isasshen nauyi. A 1876 Birtaniya ta wajabta zana layin lodi a jikin jirage bayan fafutukar ɗan majalisa Samuel Plimsoll. Jiragen dakon da ke tsayawa a Apapa suna ɗauke da wannan alama, kuma idan sun sauke kaya sukan zuƙi ruwan teku cikin tankunan ƙasa don kada su yi sakayau.

Kwale-kwalen da ke jigila a kogunan Arewa galibi ba su da irin wannan layi. A 2021 an yi asarar rayuka a Warrah ta Jihar Kebbi da Bagwai ta Jihar Kano, kuma a duka biyun an zargi lodin da ya wuce ƙima. Buhunan da aka tula sama da fasinjojin da suka miƙe tsaye lokaci guda suna ɗaga nauyi zuwa inda bai kamata ba. Yaron da ya taɓa ganin jirginsa ya kife a baho saboda ya ɗora batir a sama ya san wannan, tun kafin ranar da zai tsaya a bakin kogi a hanyarsa ta zuwa gida Sallah.