Hodar Da Ke Sa Reshe Ya Fitar Da Saiwa

Shirinmu na musamman na yau ɗakunan binciken tsirrai zai leƙa, amma daga gona za mu tashi.

Duk wanda ya taɓa noman rogo ya san karansa ake sara guntu-guntu, a soka a kunya, ruwa ya sauka, bayan 'yan kwanaki sai ga toho a sama, saiwa a ƙasa. Haka rake, haka zogale, haka cediyar da ake kafa reshenta a ƙofar gida ta zama inuwa. To amma je ka sari reshen kaɗanya ka kafa. Galibi bushewa zai yi. Abin da ya raba su ya daɗe yana ci wa masana tuwo a ƙwarya.

A shekarar 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka lura cewa idan aka rufe ƙololuwar ɗan tsiron ciyawa, ba ya karkata wajen haske. Ke nan akwai wani saƙo da ke saukowa daga sama zuwa jikin karan. A 1926 wani ɗalibi a Utrecht ta ƙasar Holan, Frits Went, ya kama saƙon. Ya yanke kawunan tsirrai ya jera su a kan wani abu mai santsi kamar daskararren romo, abin ya tsotse ruwansu. Sai ya ɗora guntunsa a gefe ɗaya na tsiron da aka guntule wa kai, tsiron kuwa ya lanƙwasa, alhali a cikin duhu yake. Sinadarin aka sa wa suna oksin. A 1934 Fritz Kögl da abokan aikinsa suka tace nau'insa na asali, IAA, daga fitsarin ɗan Adam. A daidai lokacin kuma aka tabbatar shi ne ke sa yankakken reshe fitar da saiwa.

Sai dai IAA ba ya jure wahala. Haske na lalata shi, tsiron da kansa ma yana narkar da shi da sauri. Shi ya sa a 1935 Zimmerman da Wilcoxon, na Cibiyar Boyce Thompson a jihar New York ta Amurka, suka gwada sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji. Biyu suka yi fice: IBA da NAA. IBA daga baya an gano tsirrai ma suna yin nasu, har da masara. NAA kuwa haɗin ɗan Adam ne zalla, an gina shi a kan naftalin, sinadarin ƙwayoyin kafur na kanti da ake jefawa cikin akwatin tufafi.

Ga yadda mai rainon itatuwa ke aiki da su. Da sanyin safiya zai yanko reshe da wuƙa mai kaifi, ƙasa da gaɓa kaɗan, ya zage ganyen ƙasa. Ya jiƙa bakin yankan, ya dangwala a hoda, ya kakkaɓe abin da ya yi yawa. Sai ya huda yashi mai danshi da tsinke kafin ya saka reshen, don kada hodar ta goge, ya lulluɓe da leda a inuwa. Hodar nan yawancinta farar ƙasa ce kawai, sinadarin da ke ciki bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba.

A wajen masu bincike, darajar NAA ita ce juriyarsa. Ana iya dafa shi tare da abincin tsiro a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, ya yi makonni a cikin kwalba bai sauya ba. Mai gwaji ya san abin da ya zuba shi ne ke aiki, kuma da irin wannan tabbaci ake gina ilimi.

A 1957 Folke Skoog da Carlos Miller, na Jami'ar Wisconsin, suka nuna abin da har yau nake ganin yana cikin mafi ban mamaki a ilimin tsirrai. Sun ɗauki ɓargon karan taba suka sa a kwalba tare da oksin da wani sinadarin, saitokainin. Idan oksin ya rinjaya, saiwa ke fitowa. Idan saitokainin ya rinjaya, toho ke fitowa. Idan sun yi kunnen doki, sai naman ya yi ta kumbura dunƙule, ba kai ba gindi. Wannan ma'auni ne ginshiƙin rainon tsiro a kwalba, dabarar da Cibiyar IITA ta Ibadan ke bi wajen yawaita rogo, doya da ayaba marasa cuta, daga ɗan guntun da bai kai ƙwayar gero ba.

Abin bai tsaya ga tsirrai ba. A 2005 aka gano furotin ɗin da ke karɓar saƙon oksin a cikin ƙwayar halittar tsiro, mai suna TIR1. Idan oksin ya manne masa, sai ya sa a rushe wasu furotin. A 2009 Masato Kanemaki da abokan aikinsa a Japan suka dasa wannan tsari cikin ƙwayoyin yis da na dabbobi. Yanzu mai binciken ƙwayoyin halittar mutum na iya yi wa furotin alama, ya ɗiga oksin, cikin ɗan lokaci furotin ɗin ya ɓace, ya ga abin da rashinsa ke jawowa.

A nan ina da jan hankali ga manomanmu. Hodar fitar da saiwar nan ba taki ba ce, ba ta ciyar da shuka. Kamar kanwa take a miya: kaɗan ta gyara, ta yi yawa ta ɓata. Idan aka lafta, bakin reshen ƙonewa yake yi ya ruɓe. Maganin ciyawar nan 2,4-D da ake feshi da shi a gonar masara da shinkafa, shi ma oksin ne na haɗi. Yana tilasta wa ciyawa mai faɗin ganye girman da ya fi ƙarfinta, har ta murɗe ta mutu. Don haka a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, a wanke hannu, a ajiye nesa da yara.

A arewacin Gana, masu bincike a reshen Cibiyar Binciken Koko da ke Bole sun daɗe suna gwada IBA a kan rassan kaɗanya, bishiyar da idan daga ƙwallo ta tashi takan shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya. Sun ga sabon toho daga kututturen da aka sare ya fi tsohon reshe karɓar sinadarin. Ga matan da ke tsintar kaɗe suna yin man, samun dashen bishiya mai yawan 'ya'ya da ke haihuwa da wuri babban al'amari ne, kuma ya dace jami'o'inmu na Arewa su sa hannu a wannan aiki da gaske.