Zafi a Shimfiɗar Aure Ba Ƙin Miji Ba Ne

'Yan'uwa, Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansaru domin kunya ba ta hana su tambaya a kan addini ba. Da wannan muka samu ƙarfin halin taɓo maganar da ake rufewa a gidajenmu na Garwa: matar da ke jin zafi duk lokacin da mijinta ya kusance ta.

Wani zafin daga jiki yake: ciwon sanyi, bushewar gaba lokacin shayarwa ko bayan ɗaukewar al'ada, ɗinkin haihuwa, tabon yankan gishiri, ko magungunan matsi da ake cusawa. Amma akwai rabon zuciya. Amaryar da aka cika wa kunne da labarin azabar daren farko, ko wadda aka taɓa yi wa dole, tana shiga ɗaki a tsorace. Tsoron yakan sa naman ƙugu ya ɗaure da kansa, kamar yadda ido ke ƙiftawa in an kawo masa yatsa. Ɗaurewar ta haifar da zafi, zafin ya ƙara tsoron gobe. Ba da gangan take yi ba, kuma ba kullum ne aljani ko sammu ba, ko da yake nan muka fi saurin kai zargi.

Yawanci sai ta cije ta yi shiru don gudun kishiya ko saki. Wata ta fake da haila ko ciwon kai, maigida kuma ya ɗauka raini ne, ya jawo mata hadisin tsinuwar mala'iku. Malamai sun bayyana cewa hadisin yana kan wadda ta ƙi ba tare da uzuri ba, ciwo kuwa uzuri ne. Littattafanmu na Malikiyya, irin su Risala da Muhtasar, sun daɗe da sanin lalurorin gaba.

Maigida, tilastawa tana ƙara ɗaure jikin. Ka saurare ta, ka tsawaita wasa, ka dakata in ta ce da zafi. 'Yar'uwa, ki faɗa masa da rana, cikin natsuwa, ba a kan shimfiɗa ba. Ku je tare wurin ungozoma ko likitan mata a asibitin yanki na Garwa ko cibiyar lafiya ta unguwa. Za a duba ko akwai cuta, a ba da man sauƙaƙawa, a koya mata numfashi da sassauta jiki mataki-mataki. Addu'a da ruƙiyya su tafi tare da magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.