Gyaran hoto a tarho: a bar fata da launinta na gaskiya

Jama'ar Tabotaki da kewaye, da 'yan uwa masu bida a Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya, yau hoto ya zama wasiƙa. Da shi uba ke ganin jaririn da aka haifa bayan tafiyarsa, da shi ake nuna ma saurayi yarinyar da gida suka zaɓa masa. Sai dai hotuna da yawa da ke yawo a WhatsApp ko uwar mai hoton sai ta duba sau biyu: fuska fari fat, sumul kamar tangaran, wuya da hannu kuwa baƙi. In aka ƙulla maganar aure bisa irin wannan hoto, ranar da aka yi ido da ido kunya ce da ɓacin rai.

Matsalar tana da asali. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa daidaita launin hotuna da katin hoton wata Baturiya, abin da ake kira katin Shirley, shi ya sa baƙar fata take fitowa duhu ko toka-toka. A 2021 Google ya fito da tsarin Real Tone a tarho Pixel 6 don gyara wannan, kamfanin Tecno ma ya daɗe yana daidaita kyamarorinsa da fatar mutanen Afirka. Amma yawancin tarho suna da maɓallin kwalliya, wanda ake rubutawa Beauté, mai haske fuska da shafe ta. Abu na farko, ku kashe shi.

Gyara yana farawa tun wajen ɗauka. Ku goge idon kyamara, don ƙurar hunturu tana sa hoto ya yi hazo. Kada a ɗauka da tsakar rana. Hantsi ko bayan la'asar ya fi, a inuwar zaure ko ta bedi, fuska tana kallon inda haske yake. In sama ko farin bango ne a bayan mutum, kyamara za ta auna hasken bayan, fuska ta yi duhu. Ku taɓa fuskar a gilashin tarho kafin ku danna.

Wajen gyara, manhajar Snapseed kyauta ce kuma ta isa. Kada ku ƙara hasken hoto gaba ɗaya, shi ke wanke launi. Ku ɗaga inuwa kaɗan, wato Ombres, har ido da kumatu su fito. Sannan ku duba wani farin abu a cikin hoton, hula ko riga. In ya koma shuɗi, hoton ya yi sanyi, fata za ta zama kamar toka. In ya koma ruwan ɗorawa, ɗumin ya yi yawa. Ku daidaita har fari ya zama fari. Ƙarfin launi kuwa a taɓa shi kaɗan kaɗan, in ba haka ba mutum ya koma ja kamar manja.

Ƙurji ko ƙuda da ya sauka a goshi ana iya goge shi. Amma ƙananan ramukan fata, tsagar gado da layukan tsufa a bar su, su ne mutum. Gwaji mai sauƙi: ku haɗa launin fuska da na wuya da bayan hannu. In sun bambanta, an zarce.

Hoton katin ɗan ƙasa ko fasfo kuwa, kada a taɓa shi sam. Jami'in iyaka fuska yake dubawa, kuma matafiyi ya san wahalar takardar da ba ta yi kama da mai ita ba.

Iyaye, ku lura da 'yan mata. Yarinyar da ta saba ganin kanta fara a tarho, gobe man bilicin za ta nema, mai ƙona fata, wanda ƙasar Kodibuwa ta hana tun 2015. Wankan tarwaɗa ko baƙi wuluk, kowanne da kyansa. Ku aika ma 'yan uwa fuskar da suka bari a gida, ita suke marmarin gani.