Kumburi bayan tiyatar hanci: Me ya kamata a yi?

Likitoci sun ce kumburin fuska da kwanciyar jini a ƙarƙashin idanu abubuwa ne da aka saba gani bayan tiyatar hanci, ko an yi ta domin kwalliya ko domin buɗe hanyar numfashi.

Dalili kuwa shi ne aikin yakan taɓa ƙashi da guringuntsi, abin da ke fasa ƙananan jijiyoyin jini.

Kumburin ya fi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, yayin da jinin da ya kwanta kan washe cikin kimanin mako 2. To amma tsinin hancin kan ɗauki har shekara guda kafin ya saɓe baki ɗaya.

Ana shawartar majinyaci ya riƙa kwanciya rigingine tare da tokare kansa da matashi, ya kuma ɗora ƙanƙara naɗe cikin tsumma a kumatunsa, ba bisa hancin ba.

Haka kuma ya guji fyace majina, da shan taba, da aikin ƙarfi, da shan aspirin wanda ke tsinka jini, sai da izinin likita.

Sai dai idan haɓo ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya taso, ko gani ya dushe, to a garzaya asibiti nan take.