Daga Zobe Zuwa Kurfi: Iyakar Sani da 'Yancin Faɗin Kuskure

A shekarar 1983, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a ƙasar Dutsin-Ma. An tare kogin Karaɗuwa da bangon ƙasa mai tsawon fiye da kilomita biyu da rabi, aka tara ruwan da ya haura kubik mita miliyan 170. A takarda, wannan ruwa zai shayar da kadada 8,000 ta noman rani, ya kuma kai ruwan famfo har birnin Katsina. Bango ya tsaya da ƙafarsa, ruwa ya taru kamar yadda injiniyoyi suka lissafa. Amma sai a watan Yulin 2021, bayan shekara 38, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe. Jaririn da aka raɗa wa suna a shekarar da aka datse kogin ya girma har ya tara iyali kafin zuwan wannan rana.

Me ya sa lissafin bango ya yi daidai tun farko, alƙawarin ruwa kuwa ya kwana shekaru? Lissafin bango yana da mai jarrabawa wanda ba ya karɓar toshiyar baki, wato ruwan da kansa. Kowace damina sai ya zo ya gwada aikin, in da kuskure zai ɓalle kowa ya gani. Alƙawarin hukuma ba shi da irin wannan mai jarrabawa sai mutane, su kuma sai sun sami bakin magana da kunnen da zai saurare su. A nan ne kimiyya da 'yancin siyasa suka haɗu. Dukansu biyu suna rayuwa ne a inda ake iya nuna kuskure a gyara shi.

Mutane da yawa sun ɗauka kimiyya rumbu ce ta tabbatattun abubuwa waɗanda ba a taɓawa. Masanin falsafa Karl Popper, haifaffen birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya kawo wata fahimta a littafin da ya fitar a 1934. A ganinsa, magana tana shiga sahun kimiyya ne idan ta bayyana abin da zai ƙaryata ta. Duk yawan shaidun da suka goyi bayan wata nazariyya ba sa mayar da ita gaskiyar ƙarshe, amma gwaji ɗaya ingantacce yana iya kayar da ita. Abin da ya buɗe masa ido ya faru ne kusa da mu. Albert Einstein ya ce hasken tauraro yana karkacewa idan ya gitta kusa da rana, har ya faɗi gwargwadon karkacewar. Ranar 29 ga Mayun 1919 aka yi husufin rana, Arthur Eddington ya kafa na'urorinsa a tsibirin Principe da ke Tekun Gini, wata tawaga kuma ta yi nata awon a Barazil. Da awon ya saɓa, da nazariyyar ta shiga uku. Einstein ya miƙa wuyansa ga gwaji, wannan kasada ce ta ba maganarsa daraja.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, kuma babu wanda ya ga hakan ya rage masa girma. Ibnul Haisam, wanda ya rayu a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya rubuta littafi sukutum kan shakkunsa game da Batlamiyus, babban malamin taurari da aka shafe ƙarnuka ana bi. Har yau malamin kirki a Katsina ba ya rufe fatawa sai ya mayar da sani ga Allah. Malaman da suka gina mu sun san iliminsu yana da gaɓa, kuma sanin gaɓar wani yanki ne na ilimin.

Iyakar farko ita ce, sani a warwatse yake cikin jama'a, babu ofishin da ya tattara shi duka. Shekara da shekaru malaman gona suna horon manoman Arewa da su daina cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, su riƙa shuka iri guda a jere. Ana ganin cakuɗawar alama ce ta duhun kai. A ƙarshen shekarun 1960 wani mai bincike, David Norman, da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Samaru suka zauna da manoman ƙauyukan Zariya, suka auna aikin da aka zuba da amfanin da aka kwasa. Sakamakon da ya wallafa a 1974 ya nuna cewa cakuɗawar ta fi kawo riba a kan kowace kadada, ta kuma fi kare manomi a shekarar da ruwa ya yi gardama: in gero ya ƙi, dawa ko wake sa rufa asiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin lura shi ne, kimiyya ce ta gyara kuskuren masana, kuma ta yi hakan ne ranar da ta sauko ta tambayi manomi ta auna maganarsa.

Idan aka ƙi tambaya, abin da ke biyo baya ba ya da daɗi. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an gina babbar madatsa a ƙarshen shekarun 1970. Manoman da ruwa ya ci gonakinsu, da waɗanda aka baje musu filaye don shimfiɗa hanyoyin ban-ruwa, suka yi ta kukan diyya da asarar amfanin gona. Da kuka bai yi ba suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da dama. Waɗannan manoma suna riƙe da bayanan da taswirar aikin ba ta ƙunsa ba, bayanan da za su iya gyara shirin tun da wuri. An ɗauki kukansu a matsayin tawaye, aka yi asarar rayuka, aka kuma yi asarar ilimin da suke ɗauke da shi.

Iyaka ta biyu ta fi wannan zurfi: akwai tambayoyin da awo da lissafi ba sa yanke su ko da an tara dukan alƙaluma. Ɗan Kurfi ne ya tsaya a tsakiyar shahararren misalinta a tarihin Najeriya. Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda daga baya ya zama Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi, shi ne sakataren zartarwa na hukumar zaɓe ta FEDECO a 1979. Doka ta ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'u, kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, ya sami kashi 19.94 cikin ɗari. Ɗan firamare ma zai gaya maka biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku. Amma mene ne biyu bisa uku na jiha? Abokin takararsa, Cif Obafemi Awolowo, ya ce jiha ba ta gutsuruwa, saboda haka sai an cika 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a ɗauki biyu bisa uku na ƙuri'un Kano a nemi rubu'insu, wanda Shagari ya riga ya haura. Awolowo ya kai ƙara, sunan Ahmadu Kurfi na cikin waɗanda ake ƙara. Ranar 26 ga Satumban 1979 Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso kuwa ya rubuta hukuncinsa na saɓani.

Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a wannan shari'a. Gardamar ta ma'ana ce da adalci, irin wadda ba ta da ma'auni a ɗakin gwaji. Haka yawancin tambayoyin mulki suke. Masanin ruwa zai faɗi lita nawa madatsa za ta iya bayarwa a rana, amma ba shi zai yanke ko birni za a fara ba ko ƙauyen da ke bakin ruwa ba. Irin wannan sai shawara, da kotu, da ƙuri'a, da barin wanda bai gamsu ba ya faɗi dalilinsa a fili, kamar yadda aka adana hukuncin Eso har yau ɗaliban lauya suna karanta shi.

Popper ya ɗauki wannan tunani ya kai shi fagen siyasa a littafin da ya rubuta yana gudun hijira a New Zealand, wanda ya fito a 1945. Ya ce an daɗe ana tambayar wa ya cancanci mulki, alhali tambayar da ta fi amfani ita ce yadda za a tsara ƙasa ta iya sauke shugaban da ya kauce ba tare da zubar da jini ba. Dalilinsa mai sauƙi ne: tun da babu mai mulkin da ya san komai, kowace manufa gwaji ce, mai suka kuwa shi ne ma'aunin gwajin. Tarayyar Sobiyet ta nuna abin da ke faruwa idan aka fasa ma'aunin. Stalin ya ɗaure wa Trofim Lysenko gindi a kan ra'ayoyinsa na noma marasa tushe, har a 1948 aka haramta koyar da ilimin gadon halitta. Masanin da ya saɓa wa Lysenko, Nikolai Vavilov, wanda ya zaga duniya har Habasha yana tattara irin shuka, ya mutu a kurkuku a 1943. Hukuma ta iya rufe bakin masana, amma alkama ba ta bi umarninta ba.

Mu ma muna da gwaje-gwajenmu. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, domin a raba 'yan bindiga da infomominsu. Duk wanda ya san irin ta'asar da ake yi a yankin ba zai zargi hukuma don ta nemi mafita ba. Sai dai layin da ɗan bindiga ke amfani da shi, da shi mutumin ƙauye ke kiran ɗauki, da shi ɗan kasuwa ke cinikinsa. Bayan 'yan watanni aka maido da layukan. Mataki irin wannan yana da haƙƙoƙi a kan mai ɗaukarsa: ya faɗi abin da yake sa ran gani, ya sa wa'adi, ya ƙirga hare-hare kafin da bayan, sannan ya bayyana wa jama'a sakamakon ko da bai yi masa daɗi ba. In ba a yi haka ba, gwamnatin gaba za ta maimaita matakin ko ta guje shi a kan zato kawai.

Kada a fahimci cewa tun da ilimi yana da iyaka, kowace magana daidai take da 'yar'uwarta. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin cewa an gurɓata maganin. Zargin bai faɗo daga sama ba, mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Amma dakatarwar ta ba cutar damar bazuwa zuwa ƙasashe da dama, yara suka shanye. An koma rigakafi a 2004, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Shakka tana da amfani ne idan mai ita ya yarda a gwada, ya kuma karɓi abin da gwajin ya nuna. Shakkar da babu hujjar da za ta kawar da ita ta zama taurin kai, daidai da na mai mulkin da ba ya jin gyara.

Dutsin-Ma tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. A wannan shekarar ce kuma aka sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman takardun aiki daga hukumomin tarayya, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa. Sashe na 39 na tsarin mulki ya tabbatar da 'yancin faɗin albarkacin baki. Amma daga 1999 zuwa yau mun ga cewa 'yancin da ke kwance a takarda ba ya gyara komai da kansa, sai an tashe shi an sa shi aiki. Ɗalibin noma zai iya auna kadada nawa ake nomawa da rani a zahiri, ya gwama da abin da aka yi alƙawari. Ɗalibin tattalin arziki zai iya bin kasafin ƙaramar hukumarsa layi-layi. Malaminsu kuma ya bar yaro ya ɗaga hannu ya ce bai gamsu ba, don ajin da ba a tambaya ba ya yaye ɗan ƙasa mai tambaya.

Ga masu riƙe da madafun iko, daga kansila har gwamna, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya nuna muku ɓaraka ya ba ku bayanin da ba ku biya ko kwabo ba. Mu kuma masu zaɓe, idan ɗan takara ya zo da alƙawarinsa, mu tambaye shi abu biyu kafin mu tafa masa: wace alama ce za ta nuna shirinka bai yi ba, kuma wa ka yarda ya zo ya gaya maka? Wanda ya iya amsawa ya san yana iya kuskure, irinsa ake ba amana. Wanda ya fusata kuwa ya riga ya nuna mana yadda zai yi mulki.