Baƙo Raɓa Ne: Tsuntsayen Akanda Na Shirin Tafiya

A ƙasar Hausa, dawowar shamuwa ce ke shaida wa manomi cewa damina ta kusa. Mu mazauna Akébé ma muna da namu baƙin tsuntsaye, sai dai kaɗan daga cikin 'ya'yanmu suka taɓa ganinsu, alhali kuwa masaukinsu na nan bayan gari.

Wannan masauki shi ne Gandun Akanda, arewa maso gabas da Libreville, a bakin Mondah. Yana cikin gandaye 13 da marigayi Shugaba Omar Bongo ya keɓe a 2002, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 540. A 2007 aka shigar da shi jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya.

Kowace shekara dubban tsuntsayen bakin ruwa kan gudo wa sanyin arewacin Turai da Rasha su sauka a nan. Cikinsu akwai mai dogon baki lanƙwasasshe da Faransawa ke kira courlis, wanda ke zaƙulo ƙaguwa daga cikin taɓo. A Maris da Afrilu sukan dage da kiwo, su tara kitse, domin shi ne guzurinsu na tafiyar dubban kilomita zuwa inda za su yi ƙwai. Wanda bai je ba a waɗannan watanni, sai ya jira wajen Satumba.

Maigidan da ke son kai iyalinsa ya fara neman izinin hukumar gandaye, wato ANPN, ya samu ɗan jagora da kwalekwale. A duba lokacin janyewar teku, don sa'ar nan tsuntsaye ke fitowa kiwo. A riƙi madubin hangen nesa, a rage murya, kuma a ƙwace danƙo daga hannun yara. Tsuntsun da aka yi ta tayarwa yana ƙona kitsen da zai kai shi gida.

Babbar barazana ita ce sare itatuwan palétuvier da cike fadamu domin gine-gine, ga kuma shara. Ledar da muka jefa a kwalbatin unguwa, ruwan sama ne zai kai ta teku. A cikin saiwoyin waɗannan itatuwa ƙananan kifaye ke girma, don haka asarar har tukunyarmu za ta iso.

Iyayenmu baƙi suka zo ƙasar nan, aka ba su masauki. Bai kamata mu ɓata na wasu baƙin ba. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.